Tabulet za ta iya maye gurbin laftof? Amsoshin tambayoyin da aka fi yi kafin a saya

Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 har ta haura 1,500 a 2024, sayen sabuwar laftof ya koma sai mai hali. Shi ya sa tambaya ɗaya take ta dawo mini daga ɗalibai da malaman makaranta da iyayen yara: ko in sayi tabulet ne kawai in huta? Na yi kusan shekara biyu tabulet ce babbar abin aikina, laftof tana ajiye a durowa sai ta kama. Ga abin da na gani, da abin da aka fi tambayata.

A taƙaice, za ta iya ko ba za ta iya ba?

Za ta iya wa wasu, ba za ta iya wa wasu ba, kuma aikinka ne zai raba gardama. Idan yawancin abin da kake yi karatu ne, da kallon darasi, da amsa saƙo, da shiga taron Zoom, da rubutun shafi uku zuwa goma, tabulet ta ishe ka, har ma za ta fi maka daɗin sha'ani. Idan kuwa abincinka yana rataye da wata manhaja ta Windows, irin su CorelDRAW ta zane ko SPSS ta lissafin bincike ko cikakkiyar AutoCAD ta zanen gini, kada ka wahalar da kanka. Tabulet ɗin Android da iPad ba sa ɗaukarsu.

Gwajin da nake ba mutane mai sauƙi ne. Ka yi mako guda kana rubuta duk abin da ka kunna kwamfuta dominsa, ko ka je kafe dominsa. Ranar ta bakwai ka duba takardar. Amsar tana ciki.

Me ya sa mutane suke ta komawa gare ta?

Wuta ce ta farko, ita ce ta biyu. A Turai da Amurka ana tallar tabulet da rashin nauyi da kyan gani. A wajenmu abin da ya fi ɗaga darajarta shi ne ba ta damu da nefa ba. Apple na cewa iPad tana yin awa 10 a caji ɗaya, kuma tabulet ɗin Android masu batirin 7,000 zuwa 8,000 mAh ba su yi nisa da haka ba idan karatu ko rubutu ake yi. Laftof ta hannu kuwa, wadda batirinta ya sha duniya kafin ya iso gare ka, idan ta ba ka awa biyu ka gode wa Allah.

Sai batun caji. Laftof tana son cajarta mai wat 45 ko 65, tana son soket, soket yana son wuta ko janareto, janareto yana son fetur, fetur kuwa kowa ya san inda ya kai tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023. Tabulet da cajar waya take ci. Fawabank mai 20,000 mAh na gaske zai cika ta sau ɗaya da rabi zuwa sau biyu. Ƙaramin faifan sola na cajin waya ma zai riƙe ta. Mai shagon cajin waya na bakin layi zai karɓe ta ba musu.

Akwai dare ɗaya da na tabbatar da wannan. An ɗauke wuta tun la'asar, ina da rahoton da zan tura da safe. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida saboda zafi, na jingina tabulet da tulun ruwa, kibod a kan cinya, na yi rubutu daga bayan isha'i har ƙarfe ɗaya. Da na gama batir yana kan 41. Maƙwabcina mai laftof tun ƙarfe tara ya rufe tasa ya je neman inda aka tayar da inji.

Bayan wuta sai sauran: ba ta kai rabin nauyin laftof ba, tana shiga jakar hannu ko ƙarƙashin hijabi ba wanda ya sani, kana taɓa ta ta farka, ba fanka ba ƙara. Ga masu karatun littattafan addini kuma ta zama taska. Shi ya sa yanzu ba abin mamaki ba ne ka ga malami a wurin tafsiri yana jan baƙi daga gilashi, littattafan da da sai an cika kwali da su duk suna ciki.

Da gaske ta fi laftof araha?

Nan ne ake yi wa mutane kwana. Kuɗin da mai shago ya faɗa maka kuɗin gilashin ne kawai. Kafin ta zama abin da za ka yi aiki da shi kamar laftof, sai ka ƙara kibod, da rigar da za ta tsayar da ita, da gilashin kariya, wataƙila da maus, da 'yar mahaɗar da za ka soka filash, wani lokaci har da caja, domin wasu kamfanonin sun daina saka kan caja a kwali. Ka tara waɗannan tukuna sannan ka kwatanta.

Dubi farashin Apple a Amurka, tunda shi a bayyane yake. iPad ta farko da Steve Jobs ya nuna wa duniya a Janairun 2010 dala 499 ce. iPad mafi araha da aka fitar a 2025 dala 349 ta fito, wato ta ma sauko. Amma iPad Pro ta 2024, wadda ita ce ake cewa ta kamo laftof a ƙarfi, daga dala 999 ta fara. Kibod ɗinta na kamfani dala 299, alƙalaminta dala 129. Jimla ta haura 1,400, alhali MacBook Air, cikakkiyar laftof daga kamfani ɗaya, dala 999 aka sayar da ita a 2025. Sirdi da linzami sun kusa kamo rabin kuɗin doki.

Saboda haka arahar tana ƙasa ne da tsakiya. Tabulet irin Galaxy Tab A ta Samsung, da Redmi Pad, da na Lenovo, da waɗanda Tecno da Infinix da itel suka shigo da su kasuwarmu, idan ka haɗa su da kibod ɗin Bluetooth na kasuwa, sun fi kowace sabuwar laftof ta kirki sauƙin kuɗi. Da zarar ka fara hawa sama kana neman wadda za ta yi komai, arahar ta ƙare, ka biya kuɗin laftof ka samu abin da bai kai ta ba.

To, sabuwar tabulet ko laftof 'yar Landan, wanne ya fi?

Wannan ita ce ainihin gasar a wajenmu, ba da sabuwar laftof ake yi ba. Wanda ya shiga Farm Centre ko titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, da kuɗin matsakaiciyar tabulet a aljihu, zai iya fitowa da HP EliteBook ko Dell Latitude ko ThinkPad da wani ofis ya gama amfani da ita a waje. Waɗannan injina ne masu ƙashi. Ana ƙara musu RAM, wato ƙwaƙwalwar da na'ura ke aiki da ita, ana canza musu SSD, wato ma'ajiyar fayil, ana sauya batir da kibod, kuma kowane mai gyara ya san cikinsu.

Abu biyu za ka sa a ma'auni. Na ɗaya batir, na riga na faɗa. Na biyu shekaru. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 a hukumance tana son injin Intel zubi na 8 zuwa sama. Da yawa daga cikin masu arahar da ke kan tebur zubi na 4 ne zuwa na 6. Za su yi aiki, amma ka san tsohuwa ka saya. Idan mai shago ya ce maka "Core i5 ce, Alhaji," tambaye shi zubi na nawa. Nan za ka ga ko ya san kayansa ko yana so ya rufe ka.

Ni dai idan mutum na'ura ɗaya tak zai iya saya, kuma yana da inda zai riƙa caji kullum, laftof nake ce masa. Idan wuta ce babbar matsalarsa, aikinsa kuma mai sauƙi ne, tabulet.

Mene ne bambancin iPad da Android da mai Windows?

Mutanenmu duk mai faɗin gilashi iPad suke ce mata, kamar yadda kowane garin wanki ya zama Omo. Amma gida uku ne.

iPad ta Apple ce. Ta fi sauran daɗewa tana samun sabuntawa, manhajojinta sun fi dacewa da babban gilashi, kuma ko za ka sayar ba ta faɗuwa warwas. Apple ta daɗe tana jan ƙafa wajen mayar da ita kwamfuta: sai a 2019 ta fara karanta filash kai tsaye, a 2020 ta karɓi maus yadda ya kamata, a 2025 da iPadOS 26 ta bari a buɗe tagogi a ja su a jera kamar a laftof. Ba ta da wurin saka katin memori, abin da ka saya da shi za ka zauna.

Android ita ce ta talaka da mai kuɗi duka, tun daga ta yara har Galaxy Tab S. Yawancinsu suna karɓar katin memori, tura fayil tsakaninsu da waya ba wahala. Manyan na Samsung suna da DeX tun daga Tab S4 a 2018, wanda ke juya fuskar ta koma kamar ta kwamfuta. A kula da biyu: Amazon Fire ba ta zuwa da Play Store, haka ma Huawei da aka yi bayan takunkumin Amurka na 2019 ba su da manhajojin Google. Ana iya yi musu dabara, amma wanda bai iya ba zai sha haushi.

Mai Windows, irin Surface Pro ta Microsoft, laftof ce da aka cire wa kibod. Tun 2014 kamfanin ke tallarta da cewa ita ce tabulet ɗin da za ta maye gurbin laftof, kuma a batun manhaja gaskiya suka faɗa, tunda masu injin Intel suna ɗaukar duk abin da laftof ke ɗauka. Sai dai ta hannu batirinta bai fi na laftof ba, kuma an liƙe ta da gam, buɗe ta sai gwani. Ka samu nakasun laftof da na tabulet a jiki ɗaya.

Ni ɗalibi ne. Zan iya rubuta furojet ɗina a kanta?

Daga aji ɗaya zuwa aji uku na jami'a, tabulet ta fi laftof amfani ga yawancin ɗalibai. Handawut ɗin da ake turowa a guruf ɗin WhatsApp ka karanta shi a girman takarda, ka ja layi, ka yi rubutu a gefe, ba ka biya kuɗin hoto-kwafi ba. Ɗaliban likitanci da na shari'a, masu littattafai kamar bulo, su suka fi kowa morar ta.

Shekarar ƙarshe ce matsala. Rubutun kansa ba komai, za ka buga babi biyar lafiya lau. Gyaran fasali ne ke kayar da mutum: lambar shafi ta Romawa a gaba ta Larabci a baya, jadawalin abin da ke ciki mai sabunta kansa, tebur a kwance a tsakiyar shafuka a tsaye, jerin manazarta. Word ta tabulet ba ta da hannu a wasu daga cikin waɗannan, wasu kuma tana yi da ƙyar. Idan sashenku yana son a yi lissafi da SPSS, babu ita sam.

Na ga wannan da idona a kan ƙanwata. Ta rubuta furojet ɗinta gaba ɗaya a tabulet ɗina da manhajar rubutu ta WPS, shafi sittin da wani abu, komai tsaf a gilashi. Muka je shagon buga takardu a bakin makarantarsu ana gobe za a miƙa. Yaron shagon ya buɗe a kwamfutarsa, sai ga kan babi na uku ya gangaro gindin shafi, teburori sun tsallaka layi, lambobin shafi sun koma daga ɗaya. Ta dube ni ta ce, "Yaya, wallahi ba haka na rubuta ba." Yaron ya ce, "Hajiya, a waya kika yi, ko? Kullum sai mun gani." Awa uku muka yi a kan benci yana gyarawa, aka kuma caje mu kuɗin gyara ban da na bugu. Tun daga ranar, duk abin da za a buga sai na mayar da shi PDF tun daga gida, domin PDF ba ya motsi ko a injin wa aka buɗe shi.

Saboda haka za ka iya, amma ka tanadi laftof ɗin aro ta mako biyun ƙarshe.

Ɗana zai rubuta JAMB. Tabulet za ta taimake shi?

Wajen karatu da amsa tsofaffin tambayoyi, sosai. Amma tun 2015 JAMB a kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya, kuma abin da zai tarar a zauren kibod ne da maus, ba gilashin da ake dangwalawa ba. Yaron da bai taɓa riƙe maus ba hannunsa rawa yake yi a mintunan farko, lokaci kuma yana tafiya. Ka haɗa masa kibod da maus a tabulet ɗin, ko ka biya masa 'yan kwanaki a cibiyar gwaji kafin ranar.

Word da Excel fa, iri ɗaya ne da na kwamfuta?

Suna ɗaya, ƙarfi daban. Akwai kuma wani tarko da mutane ba su sani ba: Microsoft tana barin a yi gyaran rubutu kyauta ne a na'urar da gilashinta bai wuce inci 10.1 ba. Ya wuce haka, za ka iya buɗewa ka karanta, amma gyara sai ka biya kuɗin Microsoft 365. Yawancin tabulet ɗin yanzu inci 11 ne. Mafita ita ce Google Docs da Sheets, waɗanda kyauta ne kuma suna aiki ba data idan ka saita su, ko WPS mai yawan talla.

Excel ta tabulet ta isa lissafin shago, da sakamakon ɗalibai, da kuɗin adashi. Akawun da ke aiki da macro, wato umarnin da ke sa Excel yin aiki da kanta, ko manyan fayiloli masu jingine da juna, wannan ba wurinsa ba ne.

Ina rubutu da Hausa. Zan samu ƙ da ɗ da ɓ?

A kibod ɗin gilashi, lafiya lau. Gboard, manhajar kibod ta Google, tana da Hausa, ka ƙara ta a saiti haruffan masu lanƙwasa su fito. Wahalar tana zuwa ne idan ka haɗa kibod na waje, domin shi da tsarin Turanci yake zuwa, babu inda aka ajiye mana ƙ. Ni dabarar da na zauna a kai ita ce in buga wata alama da ba na amfani da ita a madadin kowane harafi, in na gama in sa manhajar ta nemo ta musanya duka a lokaci ɗaya. Ba daɗi, amma ya fi a bar "ƙasa" ta zama "kasa" mai karatu ya yi ta lalube. Wanda rubutun Hausa ne sana'arsa ya gwada wannan a shago kafin ya biya kuɗin kibod.

Za ta karɓi filash, da firinta, da majigi?

Filash, e, da 'yar mahaɗar OTG ko filash mai bakin USB-C. Firinta sai mai Wi-Fi. Tsofaffin LaserJet masu igiya da suka cika ofisoshinmu da shagunanmu yawanci ba sa jin maganarta, sai dai ka tura wa mai shago ta WhatsApp. Majigi kuwa a yi hattara. Ba kowane ramin USB-C ne ke fitar da hoto ba. Masu araha da yawa caji da tura fayil kawai raminsu ke yi, ko ka sayi igiyar HDMI ta dubu nawa ba abin da zai fito a bango. Malamin da ke son koyarwa da majigi ya tabbatar da wannan tun kafin ya saya.

Masu zane da haɗa bidiyo da koyon rubuta manhaja fa?

Mai zane da hannu, tabulet mai alƙalami ta fi masa laftof nesa ba kusa ba, manhajar zane ta Procreate ma a iPad kaɗai take. Mai haɗa fosta da katin biki da Canva ko PixelLab, da mai yanka gajeren bidiyo da CapCut, duk za su ji daɗin faɗin gilashin. iPad ta samu manyan manhajojin haɗa bidiyo, DaVinci Resolve a ƙarshen 2022 da Final Cut Pro a 2023, amma waɗannan manyan iPad suke so. Wanda zai kai aiki maɗaba'a kuwa, can CorelDRAW ake tambaya.

Mai koyon rubuta manhaja, irin matasan da suka shiga shirin koyar da fasahar zamani na 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023, zai iya fara Python ko HTML a tabulet. Bayan wata biyu zai fara cin karo da bango, domin yawancin hanyoyin da ake bi a kewaye sai da intanet mai ƙarfi ba yankewa. Kuɗin data zai cinye abin da ya rage a kuɗin laftof. Ya nemi laftof ko tsohuwa ce.

Akwai aikin da tabulet ce ma ake nema. Masu tattara bayanai na ƙungiyoyi a ƙauyuka da KoboCollect ko ODK Android suke buƙata. Na'urar BVAS da INEC ta tantance masu zaɓe da ita a 2023 ma 'yar gidan ce.

RAM nawa da memori nawa zan nema?

Don aiki, kada ka sauka ƙasa da RAM 4GB, 6 ko 8 ya fi idan aljihu zai ɗauka. Memori 128GB, ko 64 idan tana karɓar kati. Ba a ƙara wa tabulet RAM bayan an saya, a manne yake. Kuma idan ka ga an rubuta "8+8" a kwali, takwas ɗin farko ne na gaske, na biyun aro ne daga memori, bai kai shi sauri ba.

Ka guji marasa suna da ake rubuta wa RAM 16 da memori 512 a kuɗin ƙaramar waya. Ƙaryar har cikin saitin na'urar ake dasa ta, ka duba ka ga lambar da ke kwali, sai ka fara zuba fayil ta cika a inda ba ka zata ba. Araha ba ta ado.

Idan ta hannu zan saya, me zan duba?

Makulli kafin komai. iPad ɗin da mai ita bai cire iCloud ɗinsa ba, wato asusunsa na Apple, faranti ce, ba mai buɗe maka ita ta hanyar da za ta ɗore. Android ma tana da irin wannan makulli na asusun Google. Akwai kuma waɗanda makarantu ko kamfanoni na waje suka ɗaure da tsarinsu, sai ka goge ka ga ta ce wata hukuma ce ke kula da ita. Maganin duka ɗaya ne: a goge ta gaba ɗaya a gabanka, a haɗa ta da intanet, ka shiga da naka asusun, sannan kuɗi ya fita daga hannunka. Mai shagon da ya ce "ka je gida ka yi, ba matsala," akwai matsala.

Bayan haka ka buɗe farin shafi ka duba tabo, ka ja yatsa kowane lungu ka ga yana ji, ka kwantar da ita a tebur ka duba ko gilashin ya ɗago, alamar batir ya kumbura ke nan. Ka duba shekarar da aka yi ta, domin tsohuwar iPad mai kyan jiki tana iya ƙin ɗaukar manhajojin yau. Ka karɓi rasit mai lambar na'urar, saboda kayan sata suna yawo, kuma wanda aka kama da shi a hannu shi ke kwana a caji ofis.

Idan ta lalace fa?

Nan laftof ta yi mata fintinƙau. Gilashin tabulet shi ne fuskarta, shi ne kibod ɗinta, shi ne maus ɗinta, ya fashe komai ya tsaya. Na taɓa sakin tawa daga kan gado, tsayin da bai kai kamu biyu ba. Mai gyara ya juya ta ya ce sai an aiko da gilashin daga Legas, kuɗin da ya faɗa ya kusa rabin abin da na saye ta. Kwana tara na jira. Samfurin da ya yi yawa a kasuwa shi ke da kayan gyara, wannan ma dalili ne na guje wa baƙin suna.

Sai zafi. Apple ta rubuta cewa a yi amfani da iPad tsakanin digiri 0 da 35. Watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai ana haura 40. Tabulet ba ta da fanka, jikinta ne ke fitar da zafi. Kada a bar ta a mota, kada a yi caji tana kan katifa ko cikin riga mai kauri, kada a haɗa caji da kallo da tsakar rana. Batir ne ke biyan bashin.

In saya wa yara?

Don karatu da kallon darasi, e, amma da sharaɗi. Ka sa Family Link, manhajar Google ta sa wa yara ido, ko makamanciyarta ka ƙayyade lokaci da abin da za a sauke, ka sa riga mai kauri. Waɗanda ake kira tabulet ɗin yara masu launi-launi yawancinsu ba sa shekara. Gara ka sayi ƙaramar ta kamfanin da aka sani, kai ma ka riƙa amfani da ita in sun yi barci.

Kuma na'ura ita kaɗai ba ta koyar da yaro. Jihar Osun ta raba wa ɗaliban sakandare tabulet mai suna Opon Imo, wato allon ilimi, a 2013 zamanin Gwamna Rauf Aregbesola, cike da littattafai da tsofaffin tambayoyi. Tunani ne mai kyau, amma duk irin wannan shiri a kan caji da gyara da malamin da zai bi sawu yake tsayawa ko ya faɗi. A gida ma haka ne. Yaron da za a koya wa kwamfuta ta sosai, buga rubutu da yatsu goma da adana fayil a inda zai same shi gobe, wannan sai an zaunar da shi gaban kibod.

Mai layi zan saya ko mai Wi-Fi kawai?

Idan kana da waya mai kyau, mai Wi-Fi ta isa, ka riƙa ba ta data daga wayar, sai dai batirin wayar zai ji a jikinsa. Mai yawan tafiya ko aikin ƙauye ya sayi mai layi. A iPad akwai ƙarin dalili: marar layi ba ta da GPS na kanta. Kuma ko mai layin ce, na data ne kawai, ba za ka buga lambar banki ta USSD ba, sababbin kuma eSIM, wato layin da ake saukewa cikin na'ura, kaɗai suke karɓa, babu ramin saka kati. Tabulet ɗin Android masu layi da yawa ana kira da su kamar waya, ga wanda bai damu ya kara faranti a kunne ba.

WhatsApp yanzu ba matsala. Ana haɗa lamba ɗaya da waya da tabulet, iPad ma ta samu tata manhajar a Mayun 2025 bayan shekaru ana jira.

Ina da babbar waya. Ina buƙatar tabulet kuwa?

Wataƙila a'a. Duk abin da tabulet ɗin Android ke yi wayarka tana yi, faɗin gilashi ne bambancin. Kafin ka kashe kuɗi, sayi kibod ɗin Bluetooth da ɗan abin jingina waya, ka yi mako biyu kana aikinka a haka. Idan abin da ya dame ka ƙanƙantar rubutu ce da ciwon ido, tabulet za ta warkar da kai, kibod ɗin kuma ka riga ka mallaka. Idan kuwa abin da ya dame ka shi ne wata manhaja ta ƙi buɗewa, ko shafin rajista na makaranta ko na ofis ya ƙi karɓar takardarka, a tabulet ma haka zai ƙi, sai ka ci gaba da tara kuɗin laftof.